Kayan Sallar Makullai

Ga ta nan tafe, ga ta a bakin tabarmarku.

Ta zauna mu ji ta!

To ku matso. Ke mai ɓarar gyaɗa a bayana, ina jin ki sarai, in kin gama ki miƙo mini rabona. Wanda ya san zai yi gyangyaɗi ya tashi tun yanzu, ni ba na maimaita tatsuniya saboda mai barci.

Wata budurwa ce, sunanta Lantana, tana zaune da kakarta Iya Hajo a wani gari can gabas da kogi. Su biyu ne rak a gidan. Sana'ar Lantana ɗinkin hula, kuma Iya Hajo ce ta koya mata riƙon allura tun kafin idon tsohuwar ya yi hazo.

Iya Hajo tana da wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Babu zinariya a ciki, babu murjani. Likkafaninta ne, farin alawayyo, ta saya da guminta, ta yayyafa masa ruwan zamzam da wani alhaji ya tsiyaya mata, ta ninke, ta sa kwaɗo. Kada ku zaro mini ido, haka tsofaffi suke yi, ba mugun fata ba ne. Matafiyi ai tun da rana yake ɗaure kayansa. Makullin kuwa kullum yana ƙulle a gefen zanenta. Kowace Juma'a sai ta buɗe, ta shafa, ta rufe, ta ce, "Alhamdu lillahi, ba zan ba kowa wahala ba."

Ana nan, ana nan, ranar wata ƙaramar Salla suka shirya za su idi. Iya Hajo ta ce, "Ke Lantana, riƙe mini makullin nan. Sabon zanen nan santsi gare shi, ƙulli ba ya kama shi."

Lantana ta karɓa. Da suka isa filin idi ta jefa shi a aljihun sabuwar rigarta. Ashe telan unguwa, aikin Salla ya sha masa kai, ya yi bakin aljihu bai yi cikinsa ba. Makulli ya shiga ta sama, ya fita ta ƙasa, ya nutse cikin yashi, sulum, ko ƙara bai yi ba.

Suka dawo gida. Aka laluba, babu. Aka koma fili, babu. Aka aro makullan unguwa kaf aka gwada, kwaɗo ya ce bai san zancen ba. Maƙeri ya zo da gudumarsa, Iya Hajo ta hau kan akwatin ta zauna, ta ce, "Wa? Kayan da zan sa in tafi gaban Ubangijina ne za a fito da shi da guduma kamar kayan sata? Malam, koma da abarka, na gode."

Ba ta yi wa Lantana faɗa ba, ko kalma ɗaya. Ni kuwa na ce da ma ta yi, don wallahi shirun ya fi duka ciwo. Tun daga ranar tsohuwa ta rage ci, ta rage barci, ta rage magana. Ta jawo akwatin tsakar ɗaki, a kansa take wuni. Damina ta zo ta wuce, kaka ta zo ta wuce, azumi ya sake zagayowa, Iya Hajo ta rame ta zama kamar tsinke.

Saura kwana uku Salla ta kira jikarta. Ta ce, "Lantana, na gaji. Jikin nan kwanciya yake so. Amma ta yaya zan kwanta kayana suna kulle?"

Lantana ta miƙe. Ta ɗauki rariyar tankaɗe, ta nufi filin idi da rana tsaka, da azumi a bakinta. Ta zauna tana tankaɗe yashi. Ta tankaɗe, ta tankaɗe, ta tankaɗe, har idonta ya fara lumshewa, har filin ya fara rawa a gabanta. Sai ta ji wata 'yar siririyar murya.

"Baiwar Allah, tun ɗazu kike yaye mana rufin ɗaki. Me muka yi miki?"

Ta duba, sai ga Tururuwa ta riƙe ƙugu a bakin raminta. Lantana ta ba ta haƙuri, ta gaya mata komai.

Tururuwa ta ce, "Au, makulli? Ai da tuni kin tambaya. Ku 'yan Adam kun fi son wahala da tambaya. Rufe idonki, ki riƙe numfashi, ki biyo ni."

Lantana ta rufe ido. Ta ji ta yi sakayau, ta ji yashi yana zuba a kafaɗunta da sanyi, ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta yi ƙasa. Da ta buɗe ido sai ga ta a wani gari.

Garin nan babu rana, amma haske ne ko'ina irin na hantsi, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Lunguna na farin yashi, gidaje na farin yashi. Mutanen garin kuwa makullai ne, manya da ƙanana, kowanne yana ɗingishi da ƙafa ɗaya, in sun gaisa sai ka ji cilin, cilin, cilin. A tsakiyar gari ga Sarkin Makullai a kishingiɗe, wani ƙaton makullin tsohuwar ƙofar gari, tsatsa ta yi masa gemu ja.

Lantana ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, makullin kakata na zo nema. Ya ɓace mini bara a filin idi."

Sarki ya yi dariya har tsatsa ta zubo. Ya ce, "Ya ɓace? Yarinya, a nan babu ɓatacce ko ɗaya. Fushi muka yi. Shekara guda cur muna tsaron gida, muna tsaron rumbu, muna tsaron akwati. A cusa mu ƙarƙashin dutse, a sosa kunne da mu, a ƙulle mu a gefen zane mai warin daddawa. Ranar Salla kowa ya sha sabo, har jariri ya sha sabo, mu kuwa a tafi da mu idi tsirara. To duk wanda ya ga hanya sai ya sulale."

Makullai suka amsa, "Cilin, cilin, gaskiya ne!"

Lantana ta ce, "Me zai sa ku huce?"

Sarki ya ce, "Kayan Salla. Mu arba'in da ɗaya ne. Ni ban da ni, ƙofata ta daɗe da rushewa, nan zan ƙarasa. Saura arba'in, kowa ki ɗinka masa rigarsa da hannu, ki zana masa abin da yake tsaro, ki sa masa igiyar rataya. Kafin a ga wata. In an ga wata da saura ko ɗaya tsirara, babu mai fita."

Lantana ta ce ta yarda. Tururuwa ta fito da ita.

Ta zarce wajen telan nan. Ta same shi ido ya yi ja, kaya sun binne shi har wuya. Ta ce, "Sannu mai aljihun da ba ya ƙoshi. Ƙyallayen da ka yanke na zo kwasa." Kunya ta kama shi, ya tura mata buhu guda da ƙafa, ko ɗaga kai bai yi ba. Ta shiga kasuwa neman zare, babu ko sili ɗaya, masu hulunan Salla sun kwashe. Tururuwa ta ce kada ta damu, ta kai ta gindin wata tsamiya, ta kira ƙawarta Tsutsar Tsamiya.

Tsutsa ta leƙo ta ce, "Zare? Akwai. Amma ni ba na saƙa a shiru. Ki ba ni waƙa, in ba ki zare."

Sai Lantana ta rera:

"Allura shiga, zare biyo ta,
Inda ta ɓulla nan za ka ɓulla,
Mai tsaron gida ya daɗe tsirara,
Bana da shi za a je idi."

Tsutsa tana kaɗa kai tana sakin zare, tana kaɗa kai tana sakin zare, har ya cika tafin Lantana, mai laushi, mai sheƙi. Da suka koma garin makullai, Tururuwa ta nuna mata wasu 'yan rijiyoyi uku a bayan fada, ɗaya ja, ɗaya shuɗiya, ɗaya rawaya. In ta tsoma zare ta ciro, ya rinu ya bushe.

Rana ta farko ta zauna ta shimfiɗa ƙyallayenta. Ga yadda take yi, ku 'yan mata ku buɗe kunne. Sai ta kwantar da makulli a kan ƙyalle, ta zagaye shi da bakin gawayi, ta bar faɗin yatsa guda don ya samu wurin numfashi. Ta yanka biyu. Ta yi adon a kan na gaba tun kafin ta haɗa, don in ka haɗa kafin ado, ka ɗinke bakin jaka ke nan. Sannan ta haɗa gefe da gefe, ta bar ƙasa a buɗe, ta murza igiya a cinyarta, ta zura ta sama ta ɗaure kan makullin. In an ja igiya, ya shige rigarsa. In an saki, ya leƙo.

Na farko da ya zo wani gajere ne mai tumbi. Ya ce, "Ni na shagon mai goro ne. Ki yi mini jan goro biyu da fari ɗaya, kuma kada ki tsuke mini ciki." Ta yi masa. Ya shiga, ya juya, ya juya, ya ce a kawo madubi. Sauran suka yi ta tururuwar zuwa, afuwan Tururuwa, suka yi ta layi. Tana ɗinki tana waƙa:

"Allura shiga, zare biyo ta,
Inda ta ɓulla nan za ka ɓulla,
Mai tsaron gida ya daɗe tsirara,
Bana da shi za a je idi."

Da ta ji a jikinta magariba ta kusa, ta fito ta koma gida, ta dama wa Iya Hajo kunu. Tsohuwa ta kurɓa sau biyu ta ture. Ta ce, "Ina kika wuni, kanki duk yashi?" Lantana ta ce, "Wajen aiki, Iya."

Rana ta biyu ta koma. Na rumbu ya ce zangarniyar gero yake so, ta yi masa rawaya. Na garken awaki ya ce ƙaho. Na makarantar allo ya ce shi malami ne, ba ya son ado da yawa, amma da ya ga na mai goro sai ya ce a ɗan ƙara masa ja a wuya. Can sai ga wani dogo siriri ya zo a hankali. Ya ce, "Ni na ɗakin wani saurayi ne da ya tafi fatauci shekara bakwai. Uwarsa ta kulle ɗakin yadda ya bar shi. Ki zana mini hanya, ta fita daga ƙofa, ta zagaya, ta dawo ƙofar." Lantana ta yi masa da shuɗin zare, ba ta yanke ba sai da hanyar ta dawo inda ta faro. Yatsunta suka huhhuje, bayanta ya ƙage, amma hasken garin bai motsa ba, ita ma ba ta motsa ba.

Duk wannan aiki tana ta baza ido, ba ta ga makullin Iya Hajo ba.

Rana ta uku ta ɗinka, ta ɗinka, ta ɗinka. Talatin da bakwai, talatin da takwas, talatin da tara. Ƙyalle ya ƙare. Zare ya ƙare. Sai Sarki ya gyara kishingiɗa, ga wani ɗan baƙin makulli a laɓe a bayansa. Lantana ta gane shi nan take, na Iya Hajo ne.

Ɗan makullin ya ce, "Ni ba fushi na yi ba, Lantana. Ramin aljihu ne ya zubo da ni. Amma da na zo sai na ƙi komawa. Kin san abin da nake tsaro. Kin san abin da tsohuwar take jira."

Sarki ya ce, "Yarinya, kin yi mana aiki, bari in yi miki alheri. Na sassauta sharaɗi. Kwashi talatin da tara ki tafi, ki bar wannan. Muddin yana nan, kakarki ba za ta tafi ko'ina ba. Ba za ta ji daɗin abinci ba, ba za ta ji daɗin barci ba, amma kullum kika shiga ɗaki za ki same ta zaune a kan akwati. Shekara goma, shekara ashirin. In kuwa kika kai mata shi, to ban san kwana nawa za ta ƙara ba."

Wayyo Allah. Ku gaya mini, ku da kuke da kaka a ɗaki, me za ku yi? Lantana ba ta da uwa, ba ta da uba, ba ta da kowa a duniya sai wannan tsohuwa. Ta so ta bar shi, wallahi ta so. Ta tattara makullai talatin da tara a zanenta, ta miƙe, ta yi taku ɗaya, ta yi biyu, ta yi uku. Sai ta tsaya. Ta ga cewa in ta tafi haka, ita ce za ta yi barci, Iya Hajo ta yi ta zama a kan ƙarfe da ƙashin baya mai ciwo, don kawai kada jikarta ta yi kewa. Ta fashe da kuka, ta yi mai isarta. 

Ta dawo ta zauna. Ta cire farin mayafinta, ta yage gefensa, ta zare zare daga jikinsa sili-sili. Ta ce, "Zo nan in auna ka. Me zan zana maka?"

Ya ce, "Ni tun da nake buɗe akwatin nan, fari kawai nake gani."

Sai ta yi masa fari a kan fari. Ta tuna idon Iya ba ya gani, don haka ta riɓanya zaren, ta yi ɗinkin ya taso, yadda yatsa zai bi ya gane. Ganye ta yi, da reshe, da wata 'yar tsuntsuwa a kai. Tana yi tana rerawa:

"Allura shiga, zare biyo ta,
Inda ta ɓulla nan za ka ɓulla,
Mai tsaron gida ya daɗe tsirara,
Bana da shi za a je gida."

Tana cizge zaren ƙarshe da haƙori, sai ta ji daga can sama yara suna ihu, an ga wata, an ga wata! Sarkin Makullai ya ce, "Kin cika. Allah ya yi miki albarka, ku tashi ku tafi." Yashi ya buɗe, sai ga ta zaune a filin idi da rariyarta a gefe, magariba ta yi, zanenta cike da cilin-cilin.

Da safe bayan an sauko daga idi, Lantana ta bi gari gida-gida. Ba ta tambayi kowa hanya ba, adon da ke jikin kowace riga shi ya gaya mata ƙofar da za ta tsaya. Ta yi sallama, ta miƙa, ta ce, "Barka da Salla." Mai goro ya yi ta salati. Wasu sun daɗe da sake kwaɗo, amma suka karɓa da murna, suka zura sabon makulli kusa da tsohon a riga ɗaya. Uwar saurayin nan ta bi shuɗiyar hanyar da yatsa har ta dawo ƙofa, ta rungume Lantana.

Saura ɗaya. Ta zo ƙofar gidansu ta tsaya. Ta daɗe a tsaye, har wata maƙwabciya ta ce, "Lantana, lafiya, ko ke ma baƙuwa ce?" Sannan ta shiga. Ta durƙusa gaban akwati, ta kamo hannun kakarta, ta sa mata abin a tafi.

"Iya, barka da Salla."

Iya Hajo ta shafa. Yatsanta ya bi ganye, ya bi reshe, ya tsaya a kan tsuntsuwa. Ta ce, "Nan kin ja zare da yawa, ya tattare. Sau nawa zan gaya miki?" Sai ta saki igiya, makulli ya leƙo.  Ta sauko daga kan akwatin da kanta, ta sa makulli, kwaɗo ya ce ƙyas. Ta ɗaga murfi, ta sa hannu biyu a kan farin alawayyo, ta daɗe haka, hawaye yana bin kumatunta. Sannan ta rufe, ta ja igiya, ta rataya a wuyanta.

Lantana tana durƙushe tana kallonta.

Tsohuwa ta juyo ta ce, "Ke, wai yau Salla ba a ɗora tukunya a gidan nan ba ne? Yunwa nake ji."

Ta ci tuwon shinkafa malmala biyu, ta suɗe kwano, ta hau gado ta miƙe ƙafa, ta yi barci tun azahar har la'asar sakaliya. Damina ɗaya ta ƙara gani. Ta ci, ta sha, ta yi wa Lantana tsiya kan ɗinki, ta ba ta labaran da ba ta taɓa ba ta ba. Da aka girbe gero, wata ranar Laraba da hantsi, ta ce bari ta ɗan kishingiɗa, ba ta tashi ba. Mata suka shigo suna tambaya ina kayanta. Lantana ta sa hannu a wuyan kakarta ta ciro igiyar, ta buɗe musu da kanta. Ta yi kuka ƙwarai, ta yi kewa har ta rame, amma ba ta taɓa cewa da na sani ba.

To kun ji. In kana son mutum, ka ba shi abin da zai kwantar masa da hankali, ko da naka hankalin ne zai tashi.

Ƙurunƙus, na ƙulle bakin zarena na cizge. In kun tsinci ƙarya a ciki ku bi Gizo, shi ya riƙe mini ɗaya gefen. Ke mai gyaɗa, har yanzu ban ga rabona ba.